Yadda Za Ka Gyara Intanet ɗin Kwamfutar Tebur a Gida: Wi-Fi, Kebul, ko Ta Wayar Lantarki

Bara da rani kawuna ya kira ni ransa a ɓace. "Ɗan nan, zo ka raka ni mu canja kamfanin nan, kuɗin data kawai suke ci." Kwamfutar da yaransa ke cike fom ɗin makaranta da ita tana shagon ƙofar gida, kuma shafi ɗaya sai a sha shayi a gama bai buɗe ba. Da na je na tambayi inda rautar take, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, aka shiga da ni can falon cikin gida. Ga ta a ƙasa bayan talabijin, an rufe ta da ɗan kyalle saboda ƙura. Tsakaninta da shagon bango uku na bulo da ƙofar ƙarfe. Na tsaya kusa da ita na buɗe bidiyo a wayata, ko tsayawa bai yi ba. Na ce, "Kawu, kamfani ba shi da laifi a nan. An bar jaki ana dukan taiki."

Waya da laftof suna da ƙafa, kana iya ɗaukarsu ka bi siginal. Kwamfutar tebur kuwa inda aka dasa ta nan take, galibi a lungu, ƙarƙashin tebur, jikinta ƙarfe. Don haka aikin shi ne a kai mata intanet inda take. Hanyoyin uku ne: ta iska, ta kebul, ko ta wayoyin wutar da ke cikin bango. Kafin ka kashe ko kwabo, sai ka san inda ciwon yake.

Mataki na farko: auna

Hanya biyu intanet ke bi kafin ya iso gabanka. Ɗaya daga kamfani zuwa rautarka, ɗaya daga rautar zuwa kwamfutar. Duk abin da za ka sayo a kasuwa ta biyun kawai yake gyarawa.

Ɗauki wayarka, ka kashe datarta, ka haɗa ta da Wi-Fi ɗin gidan. Tsaya taku biyu daga rautar ka buɗe fast.com ko speedtest.net, ka rubuta lambar da ta fito. Sai ka je gefen kwamfutar, da wannan wayar dai, ka sake aunawa. Yi haka da safe, ka kuma yi bayan isha'i lokacin da unguwa duk ta hau layi. Idan a kusa da rautar kana samun 25 Mbps, a ɗakin kwamfuta kuma 3, to matsalar tana cikin gidanka, kuma wannan jagora naka ne. Idan a kusa da rautar ma 3 ɗin ce, babu na'urar cikin gida da za ta mayar da ita 25. Abin yi shi ne ka matsar da rautar bakin tagar da ke kallon turken sabis, ka gwada layin wani kamfani, ko ka sa eriyar waje in rautar tana da wurin ɗaura ta.

Kada lamba ta ruɗe ka. Kamfanoni na lissafi da Mbps, kwamfuta kuma idan tana sauke fayil tana nuna MB/s, kuma takwas na farko ne ke ba da ɗaya na biyu. Mai 24 Mbps zai ga fayil na sauka da 3 MB/s, ba wanda ya cuce shi.

Akwai awo na biyu da na fi yarda da shi. A Windows, danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd, sannan ka rubuta ipconfig. Nemi layin da aka rubuta Default Gateway. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin rautarka, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma sau da yawa 192.168.8.1. Sai ka rubuta ping -n 50 ka bi shi da lambar. Kwamfutar za ta ƙwanƙwasa wa rautar ƙofa sau 50 ta ƙirga amsa. A kan kebul amsar kan zo cikin 1ms ko ƙasa. A kan Wi-Fi mai lafiya ba ta cika wuce 5ms ba. In ka ga tana tsalle zuwa 200 ko 500, ko wasu saƙonnin sun ɓace gaba ɗaya, ka kama ɓarawon: tsakanin rauta da kwamfuta yake.

Mataki na biyu: gyaran da ba ya cin kuɗi

Fitar da rautar daga bayan talabijin. Cire mata kyalle, zafin Afrilu kaɗai ya ishe ta. Ɗaga ta sama da kan mutum, a kan kanta ko a rataye a bango, a wurin da ya fi kusa da tsakiyar gida. Nisanta ta da firji, da madubi, da tankin ruwa, da duk wani faffaɗan ƙarfe. Siginal ba ya son bulo, ya fi ƙin dekin mai rodi, ƙofar ƙarfe kuwa kusan rufe masa hanya take yi. Bangon ƙasa mai kauri irin na tsofaffin gidajenmu shi ma yana shanye shi, balle da damina ya sha ruwa. Sau da yawa matsar da rauta kamu huɗu, ta yadda za ta leƙo ta taga ko ƙofa, ya fi sabuwar na'ura amfani.

Sannan zango. Yawancin rautocin yanzu suna watsawa a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma a cunkushe yake, kowane maƙwabci a nan yake. Na 5 ya fi sauri da sarari, sai dai bango biyu sun isa su karya shi. Wata rautar takan rubuta 5G a ƙarshen sunan wannan zango, kuma ba shi da haɗi da 5G ɗin da MTN ta fara a Najeriya a 2022; suna ne kawai ya zo ɗaya. In bango ɗaya ne tsakaninku, hau na 5. In sun fi haka, koma na 2.4, ka rubuta adireshin rautar a burauza, ka shiga da kalmar sirrin da ke manne a ƙasanta, ka sa tashar a 1, ko 6, ko 11. Waɗannan ukun ne ba sa hawa kan juna. Gwada kowace ka auna.

Tunda ka shiga, duba jerin na'urorin da ke haɗe. A gidan kawu mun ƙirga wayoyi goma sha ɗaya, biyar ba a san masu su ba. Yaro ɗaya ya ba abokinsa kalmar sirri, shi ke nan ta zama ta unguwa. Canja ta, ka tabbatar tsaron yana kan WPA2 ko WPA3.

Mataki na uku: tambayi kanka ko kebul zai shiga

Zan faɗi ra'ayina tun yanzu. Kwamfutar da ba ta motsi kebul ya dace da ita. Ba ruwansa da bango, ba ruwansa da maƙwabta, ba ya cin wuta, kuma kusan kowace kwamfutar tebur tana da ramin sa shi a bayanta. Kebul na Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar 1,000 Mbps har tsawon mita 100, wanda ya fi tsawon yawancin gidajenmu. Abin da ke hana mutane shi ne huda bango da munin waya a fili. Amma mun yarda mai dish ya huda mana bango, mun yarda mai sola ya zagaye gida da waya. Ana iya bi da shi ta cikin silin, ko ta saman taga, a danne da kilif ko a rufe shi cikin farin turankin.

Abu biyu za ka kula da su. Na ɗaya, a kasuwa akwai kebul na jan ƙarfe zalla, akwai na alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka kankare silin waya ɗaya da wuƙa. In cikin ya yi fari, alminiyom ne, saurin karyewa gare shi, kuma a doguwar tafiya ba ya riƙe amana. Na biyu, wayoyi takwas ne a ciki, kuma sai duk takwas ɗin sun zauna daidai a kan filogin kafin a sami cikakken sauri. In Windows ta nuna maka haɗin 100 Mbps alhali rautar da kwamfutar duk masu 1,000 ne, to galibi ɗaya ce ta kuɓuce, a yanke kan a sake matsewa.

In kebul zai ratsa tsakar gida daga wannan sashe zuwa wancan, a sayi na waje, a zura shi a bututun roba. Rana tana cinye bawon na ɗaki cikin ɗan lokaci, ɓera ma na sonsa. Da hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare shi daga kwamfutar.

Sai dai duk wannan sai rautarka tana da ramin kebul. Ƙaramar MiFi ta aljihu yawanci ba ta da shi. Haka rautar Starlink ta ƙarni na biyu, wadda aka fara kawowa da kamfanin ya shigo Najeriya a Janairun 2023, sai an sayi adafta dabam. Ta ƙarni na uku ce ta zo da ramuka biyu.

Mataki na huɗu: in Wi-Fi ne, ba kwamfutar kunnuwan kirki

Tsofaffin kwamfutocin ofis da ake kawowa tokumbo, irin Dell da HP da suka cika shagunan Beirut Road a Kano da Computer Village a Ikeja, da yawansu ba su da Wi-Fi a ciki. Sai a manna musu wannan ɗan mitsitsin USB mai kamar farcen yatsa. Yana aiki in rauta na ɗaki ɗaya da shi. Amma eriyarsa ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, an kuma soke shi a bayan akwatin ƙarfe, a ƙasan tebur, yana fuskantar bango. Me kake tsammani?

Zaɓi biyu ne. Mai sauƙi shi ne adaftar USB mai doguwar eriya, wadda ke jin zango biyun. Duba kwalin: in an rubuta AC, Wi-Fi 5 ce, in AX, Wi-Fi 6 ce, in N150 ko N300 kawai ka gani, tsohon yayi ce mai zangon 2.4 kaɗai. Haɗa da kebul ɗin tsawaita USB na mita ɗaya ko biyu, ka ɗora adaftar a saman tebur ko bakin taga. Wannan ɗan kebul ɗin yana yin abin mamaki, don bayan fito da eriyar fili, yana nisanta ta da ramukan USB 3.0, masu shuɗin harshe, waɗanda aka san suna fitar da hayaniya daidai zangon 2.4.

Na biyu shi ne katin PCIe da ake sokawa cikin kwamfutar. Ya fi ƙarko, ba ya zafi kamar na USB, kuma da yawa suna zuwa da Bluetooth. Kashe kwamfutar, zare filoginta daga bango, buɗe murfin gefe, taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki. Cire ƙarfen da ya toshe ramin baya, danna katin cikin gajeren ramin PCIe har ya zauna, ɗaure noti, ɗaura eriyoyin. In akwatinka siriri ne irin na ofis, tabbatar akwai gajeren ƙarfen maƙalawa a cikin kwalin tun a shago. Kafin ka fara, sauke manhajar direban katin daga shafin kamfanin da ya ƙera shi ka ajiye a filash, kada ka zauna kana neman intanet don ka kunna abin da zai ba ka intanet. In ka manta, jona wayarka da kebul ɗin caji ka kunna USB tethering, za ta fishshe ka.

Bayan haɗawa, rubuta netsh wlan show interfaces a cmd. Zai nuna maka ƙarfin siginal cikin ɗari. Juya eriya, matsar da ita, sake dubawa. Sama da 70 ya yi. Ƙasa da 50 ka shirya ganin yankewa.

Na'urar da ke kama siginal ta sake watsawa, wadda ake kira rifita, ba na son ba da shawararta sai dole. Mai zango ɗaya da baki ɗaya take ji take kuma magana, don haka saurin na raguwa kusan rabi. In ka riga ka saya, kada ka sa ta a ɗakin da siginal ya mutu. Sa ta a tsakiya, inda yake da sauran ƙarfi.

Mataki na biyar: intanet ta wayar lantarki

Wannan ita ce ake kira Powerline. Adafta biyu ne a kwali. Ɗaya ka soka a soket kusa da rauta ka haɗa su da gajeren kebul, ɗaya ka soka a soket kusa da kwamfuta ita ma da nata kebul. Wutar gidanmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Adaftocin suna ɗora saƙonsu a kan wayar da kaɗawa ta miliyoyi, daga wajen 2 MHz zuwa 30, sababbin har 86. Kwamfutar gani take kebul aka ja mata kai tsaye, ba ta buƙatar wata manhaja.

A Ingila, inda wuta ke shigowa gida ta hanya ɗaya ta zauna, dabara ce mai kyau. A gidajenmu sai an yi tambayoyi tukuna, kuma mai wayarin ɗin da ya san gidan shi ne zai amsa su.

Soket biyun a kan layi ɗaya suke? Gidan da aka ja wa fes uku, sau da yawa an raba sassan gida a kansu: falo a ja, ɗakunan baya a rawaya. Saƙon yana iya tsallakawa daga wannan fes zuwa wancan, amma a raunane, wani lokaci ma ba ya tsallakawa. Ga kuma al'adarmu ta fita da tocila a canja fis duk lokacin da layi ɗaya ya kawo rabin wuta. Abin da ya yi aiki jiya yau yana iya ƙi, ba don na'urar ta lalace ba, don an canja layi ne.

Mitar wuta ɗaya ce? In shagon ƙofar gida yana da mitarsa dabam, kada ka dogara da ita.

Akwai inbata? Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Yawanci mai sola yakan ware wasu soket da fitilu ya ɗora a kan inbata, ya bar na firji da dutsen guga a kan NEPA. In adafta ɗaya tana wannan ɓangare ɗaya tana wancan, sai saƙon ya ratsa ta cikin inbata, kuma ba kasafai yake fita da rai ba. Dole su biyun su kasance a ɓangaren inbatar. Ko a hakan, inbata mai arha da wutarta ba ta fita sumul tana cika wayar da hayaniya. Janareta ma sai an gwada, wani ya karɓa wani ya ƙi.

Sai ƙa'idar da ba ta da sassauci: a soket ɗin bango kai tsaye ake soka ta. Ba a ekistenshan mai kariya daga ƙarfin wuta ba, ba bayan sitabilaiza ba, ba bayan UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ba, don matatar da ke cikinsu tana ɗaukar saƙon a matsayin datti ta tace shi. Ma'ana adaftar za ta zauna tsirara a gaban duk wutar da aka kawo. A unguwar da ake kawo wutar da ke ƙona ƙwai da caja, ka sa wannan a lissafi, ka kuma saba kashe soket ɗin in an ɗauke wuta har sai ta dawo ta daidaita.

In amsoshin sun yi daɗi, ga yadda za ka saya. Lambobin kan kwali, AV600, AV1000, AV2000, ba girin-girin ba dai, ta yi mai: abin da ke isa kwamfuta ɗan kaso ne na wannan lamba. Da yawa daga masu AV500 da AV600 ma ramin kebul ɗinsu 100 Mbps ne iyakarsa. Ga mai intanet na 20 ko 30 Mbps wannan ya wadatar. Akwai tsari biyu, HomePlug da G.hn, kuma ba sa jin yaren juna, don haka sayi biyun a kwali ɗaya. Duba ƙafar filogin: Najeriya da Ghana mai ƙafa uku irin ta Ingila, Nijar da Kamaru da Chadi mai ƙafa biyu zagaye. Nemi wadda ke da soket a fuskarta, don kada ka rasa wurin jona ekistenshan ɗinka. Sannan ka yi ciniki da mai shago a kan in ba ta yi a gidanka ba za ka dawo da ita. Babu wanda zai iya rantse maka za ta yi sai an soka.

Haɗawa ba wuya. Fara soka su biyun a ɗaki ɗaya. Danna maɓallin Pair a ta farko kamar daƙiƙa ɗaya, ka danna na ta biyu kafin minti biyu su cika. Fitilar da ke da alamar gida za ta daina ƙiftawa ta tsaya. Wannan dannawa ita ke ƙulla musu makullin sirri nasu su kaɗai, kuma a gidan haya da ake raba mita ɗaya kada ka tsallake ta. Sai ka kai ta biyun ɗakin kwamfuta, ka kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar don ka tabbatar ta kebul take sha, ka maimaita awon nan biyu na farko. Gwada duk soket ɗin ɗakin, bambancin wannan da wancan yana iya ninkawa. Sannan ka sa a kunna injin jan ruwa da firji, a jona cajojin nan masu arha, ka sake aunawa. In saurin ya faɗi da an jona wani abu, ka san mai laifin, ka canja masa soket.

Wani abu da ba a rubuta a kwali: zangon da take aiki a kai ya haɗu da na rediyon gajeren zango. In akwai dattijo a gida da ke kama labaran safe a irin wannan rediyo, yana iya jin shuuu ta cika masa tasha. Gara ka gwada a gabansa kafin ya gano da kansa.

Mataki na shida: kai Wi-Fi sashen da babu

Da kebul ko Powerline ta isa ɗakin, tsohuwar rautar da ke cikin durowa ta sami aiki. Shiga saitinta, kashe DHCP, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar ba, misali in babbar 192.168.0.1 ce ita ka sa mata 192.168.0.2. Soka kebul ɗin da ya zo a ɗaya daga ramukan LAN, ba na WAN ba, ka ja wani gajere daga gare ta zuwa kwamfuta. Yanzu wayoyin wannan sashe ma sun sami siginal cikakke.

Saura ƙananan abubuwa biyu. Windows tana sauke sabuntawa a ɓoye, tana cinye sauri da data. In datarka ƙirgagga ce, shiga saitin haɗin ka kunna Metered connection, amma ka riƙa ware rana kana barinta ta sabunta. Rautar kuma ka sama mata ƙaramin batirin nan na rauta, ka duba ƙasanta ka ga ko 12V take sha ko 9V kafin ka saya. Idan ba haka ba, duk ɗauke wuta sai ta mutu ta ɗauki minti biyu tana neman sabis, kai kuma fom ɗin da ka kusa gamawa ya tafi.

A gidan kawu Powerline muka fara arowa muka gwada. Fitilarta ta kama da rana, da magariba aka juya canji zuwa inbata ta mutu, don soket ɗin shagon ba ya kan layin sola. Washegari muka auna da igiya daga falo zuwa shago ta saman katanga, muka ƙara mita biyar na kwana-kwana, na sayo kebul na waje mita 40 da bututu. Mai dish ɗin unguwar ne ya hau tsani ya ja shi kafin azahar. Da na buga ping amsa ta dawo 1ms sau hamsin a jere, kawu ya leƙo allon ya ce, "To yanzu kyallen fa, a mayar mata?" Na ce a'a, Kawu, a dai riƙa goge ta.